Godiyar wanda ba shi da abin nunawa

Duk wanda ya ɗan zauna a Kumasi ya san cewa Asabar ranar jana'iza ce. Tun da hantsi ake kafa rumfuna a gefen titi, a jera kujerun roba, jama'a su hallara cikin baƙaƙen tufafi da jajaye, a wuni ana gaisuwa ana karɓar gudummawa. Abin da baƙo bai cika lura da shi ba shi ne abin da yake biyowa ranar Lahadi, lokacin da iyalan mamacin suke sa fararen tufafi masu ratsin baƙi, su ɗunguma zuwa coci domin abin da ake kira sujadar godiya. A nan za ka ga 'ya'yan da suka binne mahaifinsu jiya sun fito gaban jama'a suna kaɗa fararen hankici, mawaƙa suna waƙa, su kuma suna taka rawa a hankali, idanunsu a kumbure. Maƙwabtanmu Musulmi na Aboabo da Asawase ba sa mamakin godiyar, domin su ma idan ka je musu ta'aziyya ka ce "yaya haƙuri", amsar da za ka ji ita ce "da godiya" ko "alhamdu lillahi". Rawar ce take ɗaure musu kai.

Ni ɗaya ne daga cikin masu ƙirga baiko, wato kuɗin da jama'a suke bayarwa a lokacin sujada, a wata ƙaramar ikilisiya da ke bakin Zango, inda ake sujada da Hausa a kuma haɗa da harshen Tonawa, wato Twi na mutanen Asante, saboda yaranmu da aka haifa a nan. Yawancinmu asalinmu daga arewa ne, daga wajen Bawku da Bolgatanga da Navrongo, akwai kuma 'yan tsiraru daga Nijar da Burkina Faso da Najeriya, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa mu duka. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa Kirista sun haura kashi 71 cikin 100 na mutanen Gana, amma a cikin Zango lissafin a juye yake, mu ne kaɗan. Aikin ƙirga baiko ba babban aiki ba ne. Sai dai wanda yake zama a teburin nan bayan an tashi daga sujada yakan ga halin da jama'a ke ciki tun kafin fasto ya ji labari, domin kwanon baiko ba ya ɓoye komai. Daga wannan tebur ne na fara lura da wani abu da ya dame ni, wato cewa a yawancin majami'unmu godiya ta zama ta masu abin nunawa, waɗanda ba su da shi kuwa sai su koma kujerun baya, daga nan kuma su daina zuwa.

A duba lokacin shaida. Idan fasto ya ce wanda Ubangiji ya yi wa wani abu ya fito, waɗanda suke fitowa su ne wanda ya sami biza, da wadda aka ɗaura wa aure bayan dogon jira, da wanda ɗansa ya sami gurbi a jami'a, da wanda ya sayi mota. Ba ni da wata matsala da wannan. Ubangiji Yesu da kansa ya tambayi ina sauran taran suke, a ranar da ya warkar da kutare goma amma ɗaya kaɗai, Basamariye, ya komo ya yi godiya, kamar yadda Luka ya rubuta a sura 17. Wanda aka yi wa alheri ya yi shiru ya yi butulci. Amma idan irin wannan shaida ce kaɗai jama'a suke ji Lahadi bayan Lahadi, to a hankali sai su ɗauka cewa godiya rasit ce da ake bai wa Allah bayan an karɓi kaya, wanda bai karɓi komai ba kuwa ba shi da abin da zai sa wa hannu.

Shekarar 2022 ce ta fallasa wannan. A farkon shekarar ana sayar da dalar Amurka ɗaya a kan sidi 6 da 'yan kai, kafin watan Nuwamba ya ƙare ta haura sidi 13. A watan Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, ta kuma fito da shirin musanya takardun bashi na cikin gida wanda ya taɓa ajiyar mutane da yawa. Sai a watan Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. Waɗannan alƙaluma ne na jarida da rediyo. A kasuwar Kejetia da ta Asawase ma'anarsu ita ce olonkar masara, wato gwangwanin awo, da ka saya da safe ba lallai ne ka same ta a wannan kuɗi da yamma ba, mai koko ta rage girman ludayi, mai waake ya daina sa ƙwai sai an biya daban, kuɗin motar haya ta tirotiro kuma yana tashi duk lokacin da man fetur ya motsa. A teburinmu kuwa, manyan takardun kuɗi suka yi ƙaura, kwano ya cika da sidi ɗaya-ɗaya da sulalla. Wannan bai dame ni ba sosai, domin kowa yana bayarwa ne gwargwadon abin da ke hannunsa. Abin da ya dame ni shi ne kujerun da suka zama wofi, musamman a Lahadin godiya ta ƙarshen wata da kuma ranar bikin godiyar kaka. Mutanen da suka fi bukatar jin waƙa su ne suka fi guje wa ranar waƙa.

Daga baya sidi ya farfaɗo a 2025, hauhawar farashi ta sauka, amma saukar hauhawa ba ta mayar da farashin buhun shinkafa inda yake a da, kuma wahala ba ta jiran rahoton babban banki. A farkon watan Janairun 2025 wuta ta cinye babban ɓangare na kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Akra, a watan Maris kuma ta tashi a Adum, a tsakiyar Kumasi, ta ƙone shaguna masu yawa. Wata 'yar'uwa a ikilisiyarmu tana cikin waɗanda abin ya shafa. Tufafi take sayarwa, kuma kayan da suka ƙone ba ta gama biyan kuɗinsu ba, domin rance ta ci ta saro su tana sa ran cinikin Ista. Bayan gobarar ta zo sujada sau ɗaya aka yi mata addu'a, daga nan ba a sake ganinta ba.

Da shirun ya yi yawa, sai wata dattijuwa daga cikin zumuntar mata, wadda ta shekara da shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, ta ce in raka ta. Muka same ta a ɗakinta na haya, a cikin irin gidajen nan masu tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ta rufe taga da rana tsaka, littafin da take rubuta bashi yana buɗe a kan katifa. Bayan gaisuwa na ce mata jama'a suna cigiyarta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da wace fuska zan zo? Kowa ya tashi ya faɗi abin da Allah ya yi masa, ni in tashi in ce me?" Ina shirin kawo mata aya sai dattijuwar ta riga ni. Ta kwance ɗaurin da ta shigo da shi, ta fito da kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo, ta ajiye a gabanta, ta ce, "'Yata, wanke hannunki ki ci tukuna. A shekarar yunwa babu mai shaida ko ɗaya a cikinmu, amma ba mu fasa waƙa ba." Matar ta ce, "Inna, ba na jin yunwa." Dattijuwar ta ce, "Na sani. Ci." Ta zauna kusa da ita har ta ci rabin kwanon, sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu 'yan takardun kuɗi da suka sha ninki, ta tura su ƙarƙashin littafin bashin ba tare da ta ƙirga ba, ta ce ranar Lahadi za ta biyo ta su tafi tare, kuma kada ta damu da kuɗin mota.

Shekarar yunwar da dattijuwar take nufi ita ce 1983, kuma duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar nan ba ya bukatar a yi masa bayani. Fari ya yi tsanani, wutar daji ta cinye gonakin abinci da na koko, sannan a watan Janairu gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Najeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kwararo gida a lokacin da gidan ba shi da abin ba su. Mutane sun rame har ƙasusuwan wuyansu suka fito fili, aka riƙa kiran abin "sarƙar Rawlings", da sunan shugaban ƙasa na lokacin. An yi layin dunƙulen kenke, abincin da ake yi da ƙullun masara, tun kafin ya dahu, an ci masarar agaji mai launin rawaya da aka kawo daga waje. Na sha tambayar tsofaffinmu yadda sujada take a wancan lokaci, kuma amsarsu kusan iri ɗaya ce. Suna cewa an yi waƙa sosai, an yi kuka sosai, kuma duk wanda ya sami gwangwanin masara ba ya cinye shi shi kaɗai, domin ya san gobe shi ne zai leƙa ɗakin wani. Ba na so in mayar da yunwa abin sha'awa, kuma su ma ba sa yin haka, domin akwai waɗanda suka binne yara a shekarar. Amma dai babu wanda ya ƙaurace wa coci don kunya, tun da kowa a hali ɗaya yake. Wahalar yanzu ta bambanta da waccan ta wannan fuska, domin tana kama wani ta bar maƙwabcinsa, sai wanda ta kama ya ga kamar shi kaɗai Allah ya manta da shi.

Littafi Mai Tsarki kuwa, idan aka karanta shi a natse, yana gefen wannan mata da ta rufe taga. Ayar da ta fi kowace fitowa a bakin masu wa'azi a kan wannan batu ita ce Habakuk 3:17-18, inda annabin yake cewa ko da itacen ɓaure bai yi toho ba, kurangar inabi ba ta ba da 'ya'ya ba, zaitun ya kasa, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, turke ya zama wofi, duk da haka zai yi farin ciki da Ubangiji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda littafin ya fara. Ya fara ne da ƙara, annabin yana tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a saurare shi ba, yana nuna masa zalunci da shari'ar da aka karkatar. Amsar da ya samu kuma ba mai sanyaya zuciya ba ce, domin an gaya masa Kaldiyawa, wato mutanen Babila, suna tafe, kuma lalle sun zo, suka rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Wato mutumin da ya rubuta wannan waƙar farin ciki bai ga sauƙi a gabansa ba, abin da ya hango ya fi abin da yake ciki muni. Ya kuma lissafa asarar ɗaya bayan ɗaya, itace bayan itace, dabba bayan dabba, bai tsallake komai ba. A ƙarshen surar akwai ɗan rubutu da ke nuna cewa an miƙa waƙar ga shugaban mawaƙa domin a rera ta da kayan kiɗa masu tsirkiya. Ashe jerin asarar nan abin rerawa ne a gaban jama'a, kamar yadda muke rera jerin albarku.

Haka Zabura take. Masana sukan ce kusan kashi ɗaya cikin uku na zaburoyi 150 na kuka ne da kai ƙara. Yawancinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, amma Zabura 88 ba ta juya ba, ta ƙare ne da duhu, kuma waɗanda suka tattara littafin ba su cire ta ba, ba su kuma ƙara mata baiti mai daɗi ba. Ina ganin ikilisiyar da take da wurin Zabura 100 ta yabo da godiya amma ba ta da wurin Zabura 88 ta rage wa mutanenta rabin abin da aka ba su. Mu Hausawa muna cewa bayan wuya sai daɗi, kuma sau da yawa haka ne, amma na tsaya a bakin kaburburan masu bi na ƙwarai waɗanda wuyarsu ba ta sake su ba har suka koma ga Ubangiji. Idan farin cikin Kirista ya dogara ga zuwan daɗin a wannan duniya, to waɗannan sun mutu da alkawarin da ba a cika ba. Begenmu a kan tashin Almasihu daga matattu yake, kuma shi ne abin da 'ya'yan mamaci suke taka wa rawa ranar Lahadi, ko da ƙafafunsu suna rawar da zuciyarsu ba ta kai ga yi ba tukuna.

To amma ta yaya mutum yake kai wa ga wannan farin ciki alhali mai bin bashi yana buga masa waya? A nan ne nake ganin mun fi yin sakaci, domin mukan maida abin aikin zuciyar mutum shi kaɗai, mu ce masa ya ƙarfafa bangaskiyarsa, mu tafi. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa ita ce aka fi ambata, saboda a cikinta ne ya ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, ya kuma maimaita, alhali yana ɗaure. Gaskiya ne ya ce ya koyi zama da wadar zuci a cikin ƙoshi da yunwa. Amma ɗaya daga cikin dalilan rubuta wasiƙar shi ne godiya saboda gudummawar da ikilisiyar Filibi ta aiko masa ta hannun Abafaroditas, wanda ya yi rashin lafiya har ya kusa mutuwa a wannan hidima. Bulus ya ce Allah ya ji tausayinsa da ya raya mutumin, don kada baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Nan da nan bayan ayar nan da ake rubutawa a bayan motoci, wadda take cewa yana iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi, sai ya ce musu sun kyauta da suka yi tarayya da shi a cikin wahalarsa. Manzon da ya rera waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi tare da Sila, bayan an yi musu bulala, bai ɓoye cewa yana baƙin ciki ba, bai kuma ɓoye cewa saƙon da aka kawo masa ya faranta masa rai ba.

Tsohon Alkawari ya fi fito da wannan a fili. A Littafin Firistoci 7:15 an umarta cewa naman hadayar godiya a cinye shi a ranar da aka miƙa shi, kada a bar kome ya kwana. Duk wanda ya taɓa yanka rago ya san cewa gida ɗaya ba ya cinye shi a yini ɗaya, don haka mai godiya dole ne ya kira mutane. Zabura 22, wadda ta fara da kukan da Ubangiji ya yi a kan gicciye, na cewa Allahnsa ya yashe shi, a kusa da ƙarshenta mai zaburar yana cewa zai cika wa'adinsa a gaban taron jama'a, matalauta kuma za su ci su ƙoshi. A Nehemiya sura 8, lokacin da Ezra ya karanta Shari'a jama'a suka fashe da kuka, an gaya musu cewa farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Kowa ya san wannan rabin ayar. Rabin farkonta kuwa umarni ne cewa su je su ci mai kitse, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya. A tsarin da Allah ya kafa, ranar godiyar mai samu ita ce ranar ƙoshin marar samu, kuma ta haka ne su biyun suke iya rera waƙa ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Dattijuwar nan mai koko ba ta iya karatu sosai ba, amma abin da ta yi da kwanon tuwo shi ne abin da ke rubuce a waɗannan wurare.

Akwai maganganu biyu da nake roƙon 'yan'uwa su rage faɗa wa mai wahala. Ta farko ita ce, "Ka gode wa Allah, wasu sun fi ka shiga uku." Mai faɗar haka yana nufin alheri, amma abin da mai sauraro yake ji shi ne a rufe masa baki, kuma godiyar da aka gina a kan cewa wani ya fi ni wahala godiya ce mai bukatar wani ya ci gaba da wahala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bulus ya ce a yi kuka tare da masu kuka, Yesu kuma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san abin da zai yi bayan ɗan lokaci kaɗan. Ta biyu ta fi muni, kuma ta cika rediyo da talabijin a garin nan: a ce wa wanda ya yi asara ya "shuka iri" na godiya da ɗan abin da ya rage masa domin Allah ya ninka masa. Na ga mata sun ci rance sun sa a ambulan saboda irin wannan wa'azi. Wannan ciniki ne, kuma ciniki ne da wanda ya fi kowa rauni yake biyan kuɗinsa.

Godiya kuma ba ta hana mutum neman haƙƙinsa. A watan Fabrairun 2023 tsofaffin ma'aikata masu karɓar fansho sun yi kwanaki suna zaman dirshan a gaban Ma'aikatar Kuɗi a Akra domin a cire su daga shirin musanya takardun bashi, har tsohuwar Babbar Mai Shari'a Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su. Ba na shakkar cewa da yawa daga cikinsu sun je coci ranar Lahadi sun yi godiya, ranar Litinin kuma suka koma da kwalayensu, kuma ban ga saɓani a tsakanin biyun ba. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata 6, amma kowa ya san a Kumasi da Akra shekara biyu ake nema. Idan mai gidan dattijon ikilisiya ne, ya fito ranar godiya da babban ambulan alhali ɗan hayarsa yana kujerar baya yana lissafin inda zai kwana da yaransa, to annabawa suna da magana a kansa, kuma ba mai daɗi ba ce.

Wannan ya kawo ni ga bikin godiyar kaka, wanda a majami'un Gana shi ne babbar ranar tara kuɗi ta shekara. Akan gayyaci shugaban taro da mataimakansa, a yi gwanjon doya da ayaba da kaji, a kira sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar a lasifika, jama'a su tafa. Akwai kuma baikon da ake kira Kofi da Ama, sunayen ranar haihuwa na Tonawa, inda ake fitowa bisa ranar haihuwa, 'yan Litinin su taso da rawa, 'yan Talata su biyo, a ƙarshe a faɗi ranar da ta yi nasara. A wurinmu abin yakan zo da raha, domin muna da namu sunayen, sai ka ji ana kiran su Ladi da Ɗanladi, su Talatu, su Balarabe, su Lami, su Jummai da Ɗanjuma, su Asabe. Ina son Kofi da Ama, kuma ba na goyon bayan masu cewa a daina shi, domin a cikinsa mutum yana fitowa ne a cikin ayari, hannunsa a dunƙule, babu wanda ya san ko sidi ɗaya ya jefa ko hamsin, kuma wanda bai jefa komai ba ya yi rawarsa ya koma. Kiran suna da adadi a lasifika shi ne abin da nake ja da shi. Ubangiji ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, ya kuma yaba wa gwauruwar da ta jefa 'yan anini biyu fiye da masu zuba da yawa. Bulus ya tsawata wa Korintiyawa saboda a taron cin abincinsu wani yana ƙoshi wani yana jin yunwa, ya ce suna kunyata waɗanda ba su da kome.

Mun kai maganar gaban dattawa. Abin da muka nema abu uku ne: a daina faɗar adadi, a ware wani kaso na abin da aka tara domin asusun taimakon mabukata kafin a taɓa shi don gini, kuma kayan abincin da aka kawo a dafa wani ɓangare a ci tare a ranar, a aika da saura gidajen waɗanda ba su zo ba. Na biyu da na uku sun wuce ba tare da gardama ba. Fasto kuma, da kansa, ya ƙara wani abu a lokacin shaida, yakan ce wanda yake cikin wahala kuma har yanzu bai ga ƙarshenta ba, shi ma ya fito ya faɗa, a yi waƙa tare da shi. A makonnin farko babu wanda ya motsa. Wanda ya fara fitowa wani magidanci ne mai gadi da aka sallama daga aiki, ya ce ba shi da labari mai daɗi, yaransa dai sun ci abinci jiya, kuma yana so a taya shi godiya a kan wannan a kuma taya shi roƙon na gobe. 'Yar'uwar da gobara ta shafa ta dawo sujada, tana tallar tufafi a ka a gefen Kejetia, bashinta bai ƙare ba, kuma ba ta fito shaida ba har yanzu, babu kuma wanda ya matsa mata.

Batun lasifika shi ne ya tsaya. Wasu dattawa sun ce, da hujjarsu, rufin cocin yana yoyo, kuɗin wuta ya ƙaru, kuma idan aka daina kiran suna manyan baƙin da ake gayyata daga waje ba za su bayar kamar da ba. Ɗayansu ya tuna mana cewa Bulus ma ya ambaci karimcin ikilisiyoyin Makidoniya domin ya zuga Korintiyawa. Na amsa masa cewa abin da Bulus ya yaba a 2 Korintiyawa 8 shi ne mutanen da suke cikin matsanancin talauci amma farin cikinsu ya yi yawa har suka roƙa a karɓi gudummawarsu, kuma bai faɗi sunan kowa ko adadin kuɗinsa ba. A matsayina na mai ƙirga kuɗin, ba zan yi musu ƙarya ba, mai yiwuwa ne abin da ake tarawa ya ragu, kuma rufin ya ƙara shekara yana yoyo. An tsaya a kan cewa a bana za a kira sunayen baƙin da aka gayyata a gode musu ba tare da faɗar adadi ba, 'yan ikilisiya kuwa kowa ya sa nasa a ambulan marar suna, sannan a sake duba maganar a taron dattawa na farkon shekara idan an ga abin da lissafi ya nuna.